Goron da Ya Ga Damina Biyu

Samarin unguwarmu idan suka wuce suka gan ni a rumfa da faifan goro a gabana, gani suke yi babu sana'ar da ta kai tawa hutu. Rannan wani dogo daga cikinsu, mai gyaran babur, ya tsaya ya ce, "Alhaji, ai ku kun more. Ka saya, ka baza, ka yayyafa ruwa, shi ke nan." Na ce to madalla, zauna. Na ɗauko jan goro guda biyu masu girma ɗaya, na ce ya nuna mini wanne ne nata, wato sabon da bai daɗe da barin bishiya ba, wanne ne daushe, wanda ya shekara a ajiye. Ya jujjuya su, ya shinshina, ya zaɓi wanda ya fi sheƙi ya ce shi ne mai tsada. Na ce to ka ɗauki jariri ka bar dattijo. Saboda irinsa ne nake so in faɗi yadda muka koyi abin nan, tun ina iya tuna shi daidai.

Ni mutumin Beli ne ta ƙasar Rogo. Gidanmu manoma ne, dawa da gyaɗa, kuma da ni ma can zan ƙare in ba don kurkunu ba. Damina biyu a jere ya kwantar da ni, ya bar mini ƙafar hagu ba ta son sunkuyo. Ina da shekara ashirin ko kusa da haka, zamanin Turawa, mahaifina ya ɗora ni a jaki ya kai ni Karaye wurin amininsa Ɗan'azumi mai goro. Gajeren mutum ne mai manyan kunnuwa, haƙoransa jajawur, idan yana dariya har kafaɗunsa rawa suke yi. Shi ba ya fatauci. Fatake ne ke ɗauko goro daga Kano a kan jakuna bayan jirgin ƙasa ya sauke shi, shi kuwa ya zaɓa, ya adana, sai goron shekarar ya ƙare a kasuwa sannan ya buɗe nasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da mahaifina, "Ƙafa ba ruwana da ita. Nuna mini hannunka, ɗan Beli." Ya duba farcen babban yatsana ya ce kada in sake in yanke shi ƙasa-ƙasa. Daga ranar nake ce masa Baba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwanduna, igiya, tabarma, ƙwaryar ruwa, 'yar wuƙa, sai ganyen fita, wani faffaɗan ganye da ake kawowa daga kurmi tare da goron, wanda da shi ake naɗe shi. Goron da aka naɗe a ganye aka ɗaure shi ake kira huhu. Sai kuma ɗakin ajiya, soro ne na ƙasa mai kaurin bango, ba taga, wanda ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi a tafin ƙafarka. Baba ba ya yarda a shiga ɗakin nan da turare a jiki, ko da hannun da ya taɓa kananzir ko daddawa. Ya ce goro maƙwabcin kirki ne, duk abin da ka ajiye kusa da shi sai ya ɗauki halinsa.

Aikin da na fara koya shi ne duba huhu. Kowane mako ake kwance shi, a juye a tabarma cikin inuwa, a bi goron ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauka, ka murza shi tsakanin yatsu ka ji ko ya fara laushi, ka duba hancinsa, in ya fara tsiro ka sa farce ka tsinke. Sannan ka nemi sankara, wata 'yar tsutsa da ke huda goro ta shige ciki, raminta bai fi bakin allura ba. Ɗaya ta kuɓuce maka, kafin wata ya zagayo ta yi zuriya a huhun. In ka gama sai ka canja ganyen da ya bushe, ka guntsi ruwa ka fesa kaɗan, ka mayar ka ɗaure. Huhun farko da aka bar mini ni kaɗai, tausayin goron ya kama ni, na ga kamar yana jin ƙishirwa, na shayar da shi sosai. Bayan mako ɗaya muka kwance muka tarar ya yi funfuna fari fat. Na tsaya ina jiran mari. Baba ya daɗe yana kallon huhun, sannan ya ce, "Ɗan Beli, wannan ba shinkafar fadama ba ce." Ya sa na zauna na tsince shi tas, na wanke abin da zai wanku, ragowar kuma ya ce in kai wa mahaifina tsaraba in faɗa masa da bakina yadda aka yi. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Sai da na shekara guda kafin ya fara koya mini ɗanɗano. Da hantsi ake yi, kafin a ci wani abu mai yaji. Zai yanko ɗan siriri ya miƙo mini ya ce, "Me ka ji?" In ce ɗaci. Ya ce, "Kowane jaki ya san ɗaci. Bayan ɗacin fa?" A hankali harshena ya buɗe. Na gane nata yana da yauƙi da ɓauri mai ɗaure baki, kamar ɗanyen yaro mai gardama. Daushe kuwa yauƙin ya tafi, ɓaurin ya kwanta, ɗacin ya zama mai ladabi, yana zuwa ya gaishe ka ya wuce ya bar maka gardi. Na gane goron Gwanja daban da na ƙasar Yarabawa, na gane wanda ya sha rana a hanya, da wanda aka tsinka bai ƙosa ba.

Masu sayen daushe ba su da yawa, amma ba sa canja rumfa. Malamai masu dogon karatu, mutanen gidan hakimi, dattawan da za su je neman aure ga 'ya'yansu suna son a san daga gidan mutunci suka fito. Har Bature mun taɓa yi. Wani Di'o ne ya zo rangadi, ya ratsa kasuwa da masinjansa, ya tsaya a rumfarmu. Baba ya ba shi nata da gangan. Ya tauna, fuskarsa ta yamutse kamar tsohuwar jaka. Sannan ya ba shi daushe. Baturen ya tauna a hankali, ya sake karɓar wani yanki. Sai ya yi dogon bayani, masinja yana mayar mana da Hausa. Wai a ƙasarsu akwai wata jar giya ta inabi da ake zubawa a kwalba a ajiye a ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, tana tsufa tana ƙara daraja, kuma masananta sukan shinshina, su riƙe ta a baki, su faɗi gonar da ta fito da shekarar da aka yi ta. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ce wa Zaki ashe su ma sun san haƙuri. Sai dai tasu tana tafiya da hankali, namu kuwa dawo da shi yake yi." Na lura masinja rabin maganar kawai ya mayar.

A shekarata ta huɗu a wurinsa wani bafatake ya sauka da kayan da ban taɓa ganin irinsa ba. Jan goro ne na Gwanja, manya-manya, irin wanda muke kira marsa, fatarsa sumul, nauyinsa kamar dutse a tafin hannu. Baba ya yi yini guda yana zaɓe, ya ware guda ɗari uku, ya naɗe su da hannunsa. Ya ce, "Wannan ba na shekara ɗaya ba ne. In Allah ya yarda wannan zai ga damina biyu." Goro ya shekara, wannan aikinmu ne na kullum. Amma ya ga damina biyu yana da rai, Baba ya ce sau biyu kacal ya taɓa yin haka a rayuwarsa. Kuma ya riga ya san mai shi. Goggo Hassu ce, mahaifiyar dagacin Falgore, tsohuwar da tun tana yarinya ta bi ayarin mahaifinta har Gwanja da ƙafa, ta ga bishiyar goro da idonta. Duk shekara ita ake fara kai wa daushen Baba, kuma abin da ta faɗa a kansa shi ake maimaitawa daga Rogo har Karaye. Ya aika mata cewa ya samo mata abin da za ta tuna ƙuruciya da shi, ta ba shi shekara biyu. Ta aiko da amsa cewa za ta roƙi Allah ya ara mata su.

Damina ta farko ta wuce lafiya. Sai shekarar wahala ta shigo, lokacin babban yaƙin Turawa. Jirgin ƙasa ya koma ɗaukar kayan yaƙi da gyaɗa, goro ya yi wuya, ganyen fita kuwa ya ɓace ɗungurungum. Ana cikin haka, wata safiya Baba yana alwala ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Aka kwantar da shi a ɗakin matarsa Inna Ladi, ɗakin ajiya kuma ya dawo hannuna, ga bazara ta kunno kai.

Ganyen da ke jikin huhunan ya bushe ya fara karyewa kamar takarda. Na je wani lambu a bakin kogin Calawa na yanko ganyen ayaba, na ce ai ganye ganye ne. Allah ya taimake ni ban fara da huhun Gwanja ba, na gwada da wasu guda biyu. Kwana biyar ganyen ya ruɓe ya yi zafi, ya dafa goron a ciki. Ina fama da wannan sai na ga sankara a huhu na uku. Na koma duba kaya duk bayan kwana biyu maimakon mako, tun hantsi har la'asar ina zaune a tabarma, farcena ya tsage, idona yana ruwa. Abin da ya fara lalacewa in kai kasuwa a sayar kafin ya mutu, kuma haka ɗakin ya yi ta raguwa har ya zama saura huhun Gwanja kaɗai. Shi ma ranar da na kwance na tarar sankara ta huda guda goma sha wani abu, sai da na zauna a ƙasa.

Inna Ladi ce ta same ni a haka, ta kawo mini kunu. Mace ce mai ƙarancin magana, shekara da shekaru tana gidan goro ban taɓa jin ta sa baki a sana'ar ba. Ta duba tabarmar ta ce, "Sule, in faɗi wata magana ta mata?" Na ce, "Faɗi, Inna." Ta ce kakarta a Yola, ƙauyensu na nan kusa da Karaye, ba ta san ganyen fita ba sai a bakin mutane. In ta sami goron biki, sabuwar tukunya take samu wadda ba a taɓa girki da ita ba, ta binne ta zuwa wuya a cikin yashi mai laima, ta zuba goron ta rufe. Yashin ake shayarwa, ba goron ba. Na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙofa, wato je ka yi.

Na sayo tukunya, na kwaso yashin kogi a mangala, na haƙa rami a kusurwar ɗakin. Tsofaffin ganyen fita na jiƙa su suka yi laushi, na shimfiɗa gutsattsarinsu a cikin tukunyar, na jera goron da ya tsira. Rijiyar gidan ta ja baya a bazarar nan, don haka kullum sai na je kogi na tono ruwa a yashi, tulu ɗaya na gida, rabin tulu na goro. Sau ɗaya zazzaɓi ya kayar da ni kwana uku, yashin ya bushe, na tashi na tarar wasu sun yi taushi, na fitar da su. Wani attajirin gyaɗa ya ji labari ya zo har gida, ya ce in faɗi duk abin da nake so a kan abin da ya rage. A lokacin hatsin gidan ya kusa ƙarewa. Na shiga na faɗa wa Baba. Ya yi ta ƙoƙari da harshensa har ya fitar da kalma ɗaya: "Hassu." Inna Ladi ta ce, "Ka ji. A sallami baƙo." Ta sayar da tunkiyarta a makon.

Damina ta biyu ta zo ta wuce. Ranar da aka fara yankan gero na tone tukunyar na ƙirga. Cikin ɗari uku, arba'in da ɗaya suka rage. Sun ɗan rage girma, sheƙin ya tafi, jan ya yi duhu kamar fatar da aka rina da karan dafi. Ban ɗanɗana ko ɗaya ba, don ba nawa ba ne. Na naɗe su a ɗan ganyen da ya saura, na sa a ƙwarya, na hau jaki tun da sassafe na nufi Falgore.

Na isa bayan azahar, na gaida dagaci a zaure, ya sa aka shiga da ni. Goggo Hassu tana zaune a kan buzu a inuwar rumfa, 'yar ƙaramar tsohuwa, idonta ya yi hazo amma bayanta a miƙe. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Karaye, ta tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi. Ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Na ci tuwo da miyar yaji ɗazu, ba zan ci amanar goron ba. Ka huta sai gobe." Haka na kwana a zaure da ƙwaryar a gefena.

Da hantsi ta sa aka kawo mata ruwan randa a sabon moɗa. Ta kurkure baki. Ta sa hannu a ƙwaryar ba ta duba ba, ta ɗauko ɗaya, ta auna shi a tafinta, ta murza, ta kai hanci ta daɗe tana shaƙa. Wata jikarta ta miƙo mata magogi, ɗan gwangwanin da tsofaffi ke goga goro da shi, ta ture ta ce, "Wannan ba a yi masa haka. Ina da sauran haƙori biyu da suka san juna." Ta kai goron kusa da kunne ta ɓara shi, ya ce ƙas. Ta ce, "Yana da rai." Ta duba cikinsa a hasken rana, ta gutsuri kaɗan, ta rufe ido. Ba ta tauna da sauri ba. Ta bar shi a gefen baki, ta juya shi, ta tsaya, ta sake juyawa. Har mai daka ta ajiye taɓarya. Can ta ɗauki moɗa ta kurɓi ruwa, ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye, sai na ga murmushi ya bazu a fuskarta.

Ta ce, "Gwanja. Ɗacin ya zo da sallama, bai daɗe ba. Bayansa gardi kamar gyaɗar da aka soya a yashi, can ƙasa kuma akwai wani ƙanshi irin na ƙasar kurmi in an yi ruwan fari. Ruwan nan da na sha kuwa kamar an sa masa zuma. Rabona da wannan tun ina bin bayan jakin babana." Ta sake motsa baki. "Amma goron nan ya sha ƙishirwa sau ɗaya a bazara. Kuma ya kwana a tukunya, ina jin yumɓu a bayansa. Wannan ba hannun Ɗan'azumi ba ne."

Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, ganyen ayaba, sankara, zazzaɓin, shawarar Inna Ladi, da ɗari ukun da suka koma arba'in da ɗaya. Na ce ta gafarce ni. Ta ce, "Wa ya ce maka ya ɓaci? Cewa na yi na ji." Sai ta kira matan gidan da jikokinta, ta sa na yayyanka ɓarin da ya rage siriri-siriri, kowa ta ba shi a hannu. Ta ce, "Ku ci a hankali, kada wanda ya yi magana. Gobe in ba na nan, wani ya miƙo muku busasshen goro ya ce daushe ne, ku san ƙarya yake yi." Ta zaɓi guda uku mafi kyau ta mayar mini a ƙwarya, ɗaya na Baba, ɗaya na Inna Ladi, ɗaya nawa. Dagaci kuma ya haɗa ni da jaki biyu na dawa.

Da na koma na goga wa Baba nasa a magogi, na zuba masa a baki kaɗan-kaɗan. Ya daɗe da shi, ya nemi ruwa, ya sha. Sannan ya tambaye ni da ido abin da ta ce. Na faɗa masa, da na zo kan maganar tukunya sai kafaɗarsa mai lafiya ta fara rawa, yana dariya da rabin baki har da hawaye. Inna Ladi ta ce, "To Malam, a hankali kada ka ƙware."

Ya ƙara shekara biyar a duniya, harshensa ya warware sosai ko da yake hannun bai dawo ba. Yakan zauna a ƙofar ɗakin ajiya yana kallon ina duba huhu, yana yi mini gyara ko da ban yi kuskure ba. Da yaƙi ya ƙare ganyen fita ya dawo, muka koma aikinmu yadda muka saba, muka kai wa Goggo daushen shekarar naɗe a sabon ganye, irin wanda Baba ya yi shekara talatin yana kai mata. Bayan kwana biyu sai ga ɗan aike daga Falgore. Ya gaida Baba, ya ce Goggo tana godiya, goro ya yi kyau ƙwarai, amma ta ce baɗi in Allah ya kai mu a sa mata nata a tukunyar Ladi.

Baba ya dube ni, ya dubi Inna Ladi da ke tankaɗe a tsakar gida kamar ba ta ji ba. Ya ce, "Shekara talatin ina sayen ganye daga kurmi, ashe mai sana'ar tana ɗakina tana dama mini kunu. Tashi, ɗan Beli, je ka sayo tukunya. Ka tafi da ita ta zaɓa, mu ba mu iya ba."